Binnen Geron Waziri Jatau

A zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya ɓace, tauraruwa mai wutsiya ta fito ana gab da damina. Malam Sidi, malamin duban fada, ya gaya wa Sarki Gambo cewa alama ce: duniya ba za ta kai kaka ba. Sarki ya tsorata har ya daina cin abinci. Ya sa sanƙira ya yi shela cewa duk wanda ya yi shuka bana ya ƙaryata alamar, kuma za a fille masa kai.

Gari ya rikice. Masaƙa suka bar saƙar komai sai likkafani. Mutanen da suka shekara ba sa ga maciji suka riƙa bin juna gida gida suna neman yafiya da kuka. Masallaci ya cika har da waɗanda da ba su san inda ƙofarsa take ba. Aka yanka shanun huɗa, aka cinye. Da abinci ya ja baya, sai aka fara sauke irin shuka daga rumbu ana dakawa.

Wannan shi ya hana Waziri Jatau sakat. Kada a ɗauka jarumi ne. Shi ma ya ɗinka likkafaninsa, kuma duk safiya sai ya duba ko rana ta fito daga yamma. Amma akwai tsoron da ya fi wannan cin ransa: idan duniya ba ta tashi ba, kuma an cinye iri, yunwa za ta yi wa talakawa abin da tauraruwa ba ta yi ba.

Ran nan ya faɗi gaban Sarki ya yi gaisuwa. Ya ce ya lura tuban jama'a bai cika ba, don goshinsu na ƙasa amma zuciyarsu na rumbu.

"Ranka ya daɗe, a umarce su su binne geron nan, su rabu da shi kamar yadda ake rabuwa da mamaci."

Sarki ya ce to a haƙa rami ɗaya a zuba. Waziri ya ce ai mai kwaɗayi zai koma ya tone. Gara kowa ya fita bayan gari, ya sari ƙasa kaɗan kaɗan, ya jefa 'yan ƙwayoyi, ya rufe da diddige, yadda ko shi kansa ba zai iya tsince su ba. Malam Sidi ya yaba, Sarki ya amince.

Sarki da Malam Sidi a fada aka haife su, ba su taɓa riƙe sungumin shuka ba. Ba su san cewa a bakin manoma, binne shi ne shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka ba. Amma duk manomin da ya ji shela ya gane. Suka fita gonaki, babu waƙa, babu kiɗa, kowa ya sunkuyar da kai kamar a maƙabarta. Waziri na tsaye yana kallo. Ya san mutum ɗaya ya isa ya kai magana fada. Babu wanda ya kai.

Aka yi ta jira. Ranar da hadari ya haɗo ya rufe gabas, mutane suka ce shi ke nan, tashin duniya ya zo. Mata suka rungume 'ya'yansu, aka yi ta kalmar shahada. Waziri ya sa aka ɗauko masa likkafaninsa. Sai ruwa ya sauka, ruwa kawai, irin na kowace shekara.

Bayan 'yan kwanaki Sarki ya hau ganuwa, ya ga bayan gari ya yi kore shar, layi layi.  Sai ya sa aka kira Waziri, hauni mai fille kai na tsaye da takobi.

"Jatau, na hana shuka ko ban hana ba?"

Waziri ya durƙusa.

"Ka hana, ranka ya daɗe. Mu binnewa muka yi, da umarninka. Tayar da abin da aka binne kuwa ba aikinmu ba ne."

Sarki ya dubi gonakin, idanunsa suka cika da hawaye. Ya sallami hauni, ya janye dokarsa, ya hana kowa sake yanka wa duniya rana. Da ya juya ya ga Malam Sidi yana sulalewa, sai ya sa aka miƙa masa fartanya, ya ce tunda ya yaba binnewa, sai ya taya noman fari.

Likkafanin Waziri kuwa, da kaka ta yi, a kansa matarsa ta shanya sabon gero.