Kududdufin da ke Saman Rijiya

Akwai wani mutum da ake kira Mai Rami, yana da 'yar ƙaramar mahaƙar ma'adinai a tsakiyar wata busasshiyar makiyaya. Yana wanke dutse da sinadari, yana tara gurɓataccen ruwan a wani kududdufi da ya kewaye da ganuwar ƙasa. A gangaren kududdufin kuwa rijiya ce ɗaya tilo da makiyaya ke shayar da dabbobinsu.

Kawunsa, wanda tsohon makiyayi ne, ya sha roƙonsa ya gyara ganuwar, ya kuma cike ramukan da ya gama da su kafin damina. Mai Rami sai ya yi dariya, ya ce ƙasar da ko ƙadangare ba ya son zama a cikinta, wane gyara take buƙata?

Wata rana da la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Kududdufin ya cika ya batse, ganuwar ta fara tsagewa ta ɓangaren rijiya. Makiyaya suka rugo, maza da mata, suna cusa buhunan ƙasa a tsagar, ruwan yana kwashewa.

Kawu ya iske Mai Rami tsaye jikin katafilarsa ta haƙar ƙasa. Ya nuna masa sabon ramin da ke gefe, inda Mai Rami ya fara samun dutse mai kyau.

"Ɗana, yanka hanya ruwan ya faɗa can."

"Kawu, arzikina ke nan gaba ɗaya."

"Na sani. Rijiyar nan kuma ran mutanen nan ne gaba ɗaya."

Mai Rami ya dubi matan da ke cikin laka har gwiwa, ruwan sinadari yana cin fatar ƙafafunsu, babu wadda ta ɗago ta zage shi. Ya hau katafila. Ƙasa na zamewa a ƙarƙashinta, injin ya mutu, ya sake tayarwa da ƙyar. Yana fasa gefen kududdufin, ruwan ya juya da ƙugi ya cika sabon ramin har baki.

Rijiya ta tsira, amma tumakin da suka sha daga abin da ya malala sun mutu, kuma mahaƙar ba ta sake tashi ba.

Mai Rami bai gudu ba. Ya zauna yana cike ramuka ɗaya bayan ɗaya, yana shimfiɗa ƙasa mai kyau a kai, makiyaya suna kawo masa taki da irin ciyawa. Daminar farko ba abin da ya fito. Sai a ta gaba ciyawa ta tsiro nan da can. Kawu ya kora tumakinsa wurin, ya ce wa Mai Rami ya zo ya taya shi kiwo, tunda yanzu ba shi da wani aiki.

Darasi: Idan ka ci amfanin ƙasa, gyara ta tun kana da zaɓi, kada ka jira ranar da gyaran zai cinye duk abin da ka tara. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.