Kwamfutar Dakta Uwaisu da Babi Biyu da Suka Salwanta

Akwai wani likita a unguwar Catford, can ƙasar waje, mai suna Uwaisu, wanda ba a gama yi masa magana ya ce ya sani. A shekarar 1992 ya tashi sayen kwamfutar gida, don matarsa Karimatu ta ƙarasa kundin digirinta na biyu. Babi biyar ta riga ta rubuta a kwamfutocin jami'a, duk suna cikin faifai biyu.

A asibitinsu akwai Sualihu, ɗan zangon Kumasi, mai tura gadon marasa lafiya. Ran hutu yana gyaran kwamfuta a flat ɗinsa na Thamesmead. Da ya ga Dakta da mujallar kwamfutoci a ɗakin cin abinci na asibiti, sai ya matso.

"Dakta, system ɗin kala biyu ne, kuma ba duka suke karanta faifan juna ba. Wanne madam yake aiki da shi a makaranta?"

"Mai baƙin allon nan na talakawa. Ni mai hotuna zan saya, na zamani."

"Shi ma da kyau. Amma ka je da faifai ɗaya shago a yi test tukuna."

Uwaisu ya dube shi sama da ƙasa. "Malam, ba gado za a tura ba. Ka fara koyon bambanta 'ya' da 'ta', sannan ka koya min kwamfuta."

Sualihu ya ɗauki kofin shayinsa ya koma teburinsa.

Ranar Asabar aka kawo injin. Karimatu ta ce a kira wanda ya san kan abin, maigida ya ce ai ga shi a zaune. Ya zura faifan farko, injin ya ce bai iya karanta shi ba, ko a shirya shi sabo? Ya danna "eh". Na biyun ma haka.

Ran Litinin Karimatu ta buɗe faifan biyu a jami'a ta same su wayam. Saura mata sati shida ta miƙa kundin.

Ba ta yi wa mijinta faɗa ba. Ta nemi lambar Sualihu, ta hau bas zuwa Thamesmead. Kwana uku ya yi a kan faifan, ya ceto babi uku. "Sauran ya tafi, Hajiya, ki yi haƙuri." Ya ara mata tsohon injinsa, ta sake rubuta biyun daga takardunta, ta miƙa ana saura kwana ɗaya.

Da aka ɗaure kundin, Uwaisu ya buɗe shafin godiya a gaban baƙi yana murmushi. Ya ga iyayenta, ya ga malaminta, ya ga Malam Sualihu. Ya juya shafin ko sunansa yana baya. Babi na ɗaya ya tarar.

Darasi: Digirinka a fanni ɗaya bai sa ka san komai ba. Kafin ka raina mai ba ka shawara saboda aikinsa ko harshensa, saurari abin da yake faɗa. Ku tura wa wanda kuka san yana bukatar jin wannan.