Gyaran da Zanzaro Ta Roƙa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, in da daɗi mu ƙara.

Wani gari ne yake maƙwabtaka da ƙasar Tururuwa. Su Tururuwa ba sa zama. Su ƙera allura, su ƙera fartanya, su gina tukunya. Tun kaka da kakanni akwai alkawari tsakaninsu: Tururuwa su shigo kasuwa ba kuɗin ƙofa, su kuma su saye audugar garin.

To, akwai Zanzaro, maginiyar tukwane. Tukunyarta garau, amma ta Tururuwa ta fi araha. Kasuwa ta ci, ba ta yi ciniki ba. Ta sake ci, shiru. Ta uku ma ko tayi babu. Yunwar nan ce ta tsuke mata ƙugu har yau.

Sai ta tafi wurin Kwaɗo, Sarkin Kasuwa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, baƙi sun kashe mini sana'a. A rufe musu ƙofa!"

Kwaɗo ya kumbura maƙogwaro, ya ce, "Ƙwaaarai kuwa! A rrrufe!"

Aka rufe. Zanzaro ta ci ado, ta jera tukwane, tana jiran masu saye.

Sai fartanyar manomi ta karye, ba sabuwa. Sai auduga ta taru, ba mai saye. Sai wandon Sarkin Kasuwa ya yage ta baya, ba allura a garin kaf, yana tafe yana bin bango. Tukunya kuwa, wa zai saya, ba abin dafawa?

Kwaɗo ya aika aka kira Zanzaro. Ya ce, "Ke kika jawo! Gobe zan buɗe ƙofa yadda take a da."

Zanzaro ta ga a buɗe yunwa, a rufe yunwa. Ta ce, "Buɗe, ranka ya daɗe. Amma ka bar ni in fara ciniki, kai ne shaida."

Washegari ga Madugun Tururuwa da ayarinsa, kaya niƙi-niƙi. Zanzaro ta taya allura ɗaya, ya sallama. Sai ta karkace kai, ta ce, "Madugu uban tafiya, ba gyara?"

Kun san gyara, ɗan ƙarin nan da mai sayarwa ke ɗora wa mai saye. Madugu ya yi dariya, da 'yar muryarsa siririya: "Gyara-gyara? Akwai-akwai, uwar ɗaki!"

"Ka yarda a yi gyara?"

"Na yarda-yarda!"

"Gaban Sarkin Kasuwa?"

"Gaban kowa-kowa!"

Ya miƙo mata guntun zare. Ta ce, "Riƙe abinka. Alkawarin kakanni za a yi wa gyara."

Madugu ya daka tsalle. "Ba wannan gyaran ba! Ba wannan ba!"

Ta maƙe murya irin tasa, ta ce, "Na yarda-yarda!" Kasuwa ta kwashe da dariya. Kwaɗo ya yi ta ƙyaƙyatawa har ya manta da yagaggen wandonsa, ya juya wa jama'a baya.

Zanzaro ta ce, "Ku shigo ba kuɗin ƙofa, yadda kuka saba. Amma tukunya a nan za a gina ta, da yumɓunmu da hannunmu. Ku nuna mana sirrin saurinku, mu nuna muku yadda ake gasa ta ta yi ƙwari."

Madugu ya tuna rumbunansa cike da allurar da ba mai saye, masaƙansa kuma zaune ba auduga. Ya sosa ƙeya, ya ce, "Kin fi ni ciniki. Albarka ta wuce, na sallama."

Kafin kaka, tukwanen garin nan har ƙasar Tururuwa ake kai su, Zanzaro ce uwar magina.

Shi ya sa rigar da ta matse ka ba ƙona ta ake yi ba, wurin tela ake kai ta.

Ƙurunƙus kan ɗan tururuwa, wanda ya raina shi ya zo ya ɗauka!