Maginin da Ke Gyara a Ɓoye

Akwai wani magini a wani gari wanda ya gwanance wajen ginin rumbu. Wata rana amininsa ya kawo masa ɗansa na fari, ya ce, "Ga ɗanka nan. Ka koya masa abin da Allah ya sa a hannunka." Maginin ya karɓe shi da murna.

Shi ginin rumbu sahu-sahu ake yinsa. In sahu ya sha iska, sai a yayyafa masa ruwa, a ɗora sabuwar ƙasa, a danna ta da yatsu ciki da waje har su kama juna. Saurayin nan yana da ƙwazo, amma yakan ɗora ƙasa kawai, ya shafe waje ya yi sumul, ya bar ciki. Maginin yana gani, sai dai yana jin nauyin amininsa, bai iya ce wa ɗansa ya yi kuskure ba. Yakan ce, "Madalla, ɗana. Je ka ɗebo mana ruwa." Da saurayin ya ba da baya, sai ya shiga ciki ya daddanne wurin da hannunsa. Haka suka yi ta yi har shekaru suka wuce.

A garin nan ba a yaye mai koyo sai dattawan magina sun duba rumbun da ya gina shi kaɗai. Saurayin ya gina nasa, maginin kuwa ya yi ta bin bayansa a ɓoye kamar yadda ya saba. Dattawa suka zo, suka ƙwanƙwasa, suka jingina da shi, suka ce, "Ya yi." Aka yanka akuya, aka ci aka sha, uban yaron ya yi ta godiya har da hawaye.

Aikin saurayin na fari na wata gwauruwa ne. Ta zuba dawarta duka a ciki, abincin shekara nata da na jikokinta. Da damina ta faɗi, rumbun ya tsage a kowace mahaɗa, ruwa ya shiga, dawa ta ruɓe. Saurayin ya kasa bin hanyar kasuwa, gama matasa sukan bi shi da dariya, suna cewa, "A ba Sarkin Magina hanya! Ranka ya daɗe, yaushe za ka gina mana na jiƙa dawa?"

Gwauruwar ta kama hannunsa, ta kai shi ƙofar maigidansa. Saurayin ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, yadda nake yi a gabanka kana cewa madalla, haka na yi. Ban canza kome ba."

 Sai maginin ya ce wa matar, "Inna, ki rufa mana asiri, ni ne nake bin bayansa ina gyara aikinsa a ɓoye. Zan gina miki wani da hannuna, ba sai kowa ya ji ba."

Ta ce, "Ashe hannunka ne muke ta yabo a jikinsa! To, ka gina mini nawa. Gobe in ya gina wa wata, can ma za ka bi shi ka shiga ciki?"

 Kashegari maginin ya tafi wurin dattawa da amininsa, ya faɗa musu abin da ya yi. Ya ɗebi dawa daga nasa rumbun ya kai wa matar. Bayan damina kuwa saurayin ya sake gini, maginin yana tsaye, hannuwansa a baya, yana cewa a gaban kowa, "Bai kama ba. Rushe, ka sake."

Ma'anar wannan misali ita ce: maginin nan mu ne, mu da aka danƙa wa 'ya'yan mutane su koyi sana'a, telolinmu da kafintocinmu da masu gyaran babur, har da mu da muka tsufa da alli a hannu. Saurayin shi ne duk wanda muka ce wa madalla alhali aikinsa bai yi ba. Gwauruwar ita ce wadda ba ta ci naman biki ba, amma a gidanta aka kwana da yunwa.

'Yan'uwa, ina rubuta wannan da kunya, da fushi kuma. Muna yaye 'yan mata a ajin ɗinki, rigar gwajinsu malama ce ta yanka. Muna tafi, muna ɗaukar hoto, mu miƙa musu keken ɗinki. Ranar da yarinya ta ɓata atamfar amarya, ita kaɗai ake zagi a unguwa, mu kuwa muna zaune a kujerun gaba a ɗakin ibada muna rera waƙa. Muna kiran wannan tausayi. Shaidar zur ce, kuma Ubangiji ba waje kaɗai yake dubawa ba, yana shiga cikin rumbu.

Cewa "a yi haƙuri" ba ta isa ba. Duk wanda ya san ya sallami wanda bai iya ba, ya nemo shi, ya gaya masa gaskiya da bakinsa, ya koya masa abin da ya rage. Wadda aka ɓata wa kaya, a mayar mata. Ranar gwaji kuma malami ya tsaya nesa, hannuwansa a baya. Kunyar da kake gudu yau a gaban amininka ba ɓacewa take yi ba. Ɗansa ne zai ɗauke ta a kasuwa, shi kaɗai.