Magudanar Waɗanda Suka Yi Sallama

Akwai wani mutum da manoman wata fadama suka danƙa wa rabon ruwan rani. Kowane lambu yana da 'yar magudanarsa wadda ta ɓalle daga babbar hanyar ruwa. Al'adar wurin kuwa ita ce, duk wanda zai bar noma sai ya zo ya yi sallama da mai rabo, domin a daina ƙirga shi cikin masu jiran ruwa.

Wata shekara mutane da dama suka yi sallama suka koma birni, har da amininsa Habila. Ya sa musu albarka, ya daina ƙirga su, amma bai toshe bakin magudanarsu ba. Gama a ganinsa, wanda ya liƙe magudanar maƙwabci da laka kamar ya ce masa ne kada ya dawo.

Da zafi ya tsananta, sai ruwa ya daina kaiwa lambun ƙarshe, na wata gwauruwa mai suna Rifkatu, wadda albasar da take nomawa a ciki ce abincin 'ya'yanta. Hankalin mutumin ya tashi ƙwarai. Ya duba madatsar ruwan, ya tarar da ita cike. Ya zargi ɓarayin ruwa, bai kama kowa ba. Ya ƙara sakin ruwa, duk da haka ƙarshen hanya a bushe yake.

Rifkatu ta same shi a bakin madatsa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, albasata ta kwanta. Ko ni ma in yi sallamar ne?"

Ya bi hanyar ruwan da ƙafa, har ya iso lambun Habila. Ga ciyawa shar har gwiwa, ga kwaɗi suna iyo. Haka ya tarar da lambun kowane wanda ya tashi, yana shan rabon masu noma.

Ya ɗebo laka ya bi magudanan nan ɗaya bayan ɗaya yana liƙewa. A bakin ta Habila ya daɗe a tsaye, sa'an nan ya liƙe. Ruwa ya kai wurin Rifkatu, amma rabin albasar ta riga ta mutu.

Ga ma'anar misalin, ƙaunatattu. Ruwan nan shi ne ƙarfi da lokaci da Ubangiji ya ba kowannenmu gwargwado. Masu aikin kwamfuta ma sun san cewa idan wata na'ura ta fita daga cikin masu aiki tare, wajibi ne a yanke layukan da suka rage a haɗe da ita, in ba haka ba su shanye ƙarfin sauran. Da yawa cikinmu mun yi sallama da tsohuwar rayuwa da baki, amma kunya ta hana mu toshe hanyar da ke kaiwa can. Ku bincika tun yau, gama akwai wata Rifkatu a gidanku, tana jiran ruwan da kuke zuba wa ciyawa.