Fad Na Biyu

Akwai wani saurayi a Doka, cikin Kaduna, ana ce masa Datti. A farkon shekarun casa'in aka yi wannan, lokacin da ake ta kwashe ma'aikata ana mayar da su Abuja. Shi Datti ƙaramin akawu ne a wata ma'aikata, amma in ka ji shi yana zuba bayan la'asar, sai ka rantse a Japan aka yanke masa cibiya.

Yayansa Sanda ne ya je kwas can, ya dawo da na'urar gem, wato wasan da ake haɗawa da talabijin, da kaset ɗinta guda, da wasu kaset-kaset na bidiyo na katun. Da yake 'ya'yansa ƙanana ne, sai ya kawo kayan gidan Hajiyarsu, ya ajiye a ɗakin Datti da ke zaure.

Ya ce, "Riƙe mini, kafin yaran su yi wayo."

Tun daga ranar Datti bai sake magana irin ta mutane ba.

Ko kalma ɗaya ta Japananci bai sani ba, amma shi ke yi wa samarin layin fassara. Sai ya tsayar da bidiyo, ya gyara zama, ya ɗaga yatsa.

"Kun ga idon nan? Kun ga yadda ruwa ke rawa a cikinsa? Wannan shi ne katun. Na Amurka kuwa na 'yan goye ne. A buga wa mutum guduma ya baje, ya tashi ya kaɗe jiki. A nan in an mutu, an mutu."

Har aji-aji ya raba mutane. Akwai 'yan kallo, akwai 'yan taɓawa, sannan akwai masana. Masanan dai mutum ɗaya ne, kuma kun san ko wane ne.

Ƙanwarsa Turai ba a barinta ta shiga ɗakin, don a cewarsa ko ajin 'yan kallo ba ta kai ba. Ita kuwa ba abin da ke wuce kunnenta. Sai ta koma tsakar gida, ta ɗauki sabulun wanki ta riƙe da hannu biyu, ta karkace baki, ta sa muryarsa.

"Hajiya, kin ga tuwon nan? Na 'yan goye ne. A Japan in an tuƙa, an tuƙa."

Hajiya ta yi dariya har da tari, sannan ta ce, "Allah Ya shirye ki, ki bar mini ɗa."

Gem ɗin kala biyu ne a kaset ɗaya. Akwai dambe, mutum biyu su kara. Akwai kuma tafiya, inda wasu jarumai biyu ke ratsa zango-zango zuwa fadar wani sarki mai rufaffiyar fuska. Ba wanda ya iya karanta sunayensu, don haka aka sa musu Ja da Shuɗi, saboda rigunansu.

Abin da ake riƙewa a danna, wato fad, guda biyu ne, kuma wayoyinsu a haɗe suke da na'urar, ba a cirewa. Na ɗaya na Ja, na biyu na Shuɗi.

Dokar ɗakin guda ce, irin ta kowane gidan gem. Wanda ya ci ya zauna da fad ɗinsa, wanda aka ci ya miƙa wa na baya.

Datti ya riƙe fad na ɗaya ranar farko, kuma ba a taɓa cinsa ba. Don haka bai taɓa miƙawa ba.

Fad na biyu kuwa botin tsallensa ya daɗe yana maƙalewa. Ka danna, Shuɗi ya tsaya kamar yana jiran tasi, Ja ya zo ya kwashe masa ƙafa. Kowa ya yi ƙorafi. Amsar Datti ba ta canzawa.

"Yatsunka ne, malam. Kayan Japan ba ya ƙarya."

Wanda ya fi kowa shan wannan amsa shi ne Rabe, abokinsa tun firamare, tela a Kinkinau. Kullum da yamma zai rufe shago ya hau bas ya zo, a ci shi, ya miƙa, ya jira layi, a sake cinsa. Raben kaɗai ne ke iya sa Shuɗi ya yi tsalle jefi-jefi, amma ba ya isa.

Wata rana Rabe ya ce, "Datti, don Allah mu yi musanya sau ɗaya. Sau ɗaya tak, ka ji abin da nake ji."

Datti ya ce, "Ka ci ni tukuna. Doka ce."

"Ta yaya zan ci ka da wannan?"

"To ka gani. Yatsun tela ne, sun saba da allura. Wannan harka ta ƙwaƙwalwa ce."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Rabe ma ya ɗan yi. Ya ajiye fad ɗin a hankali, ya sa takalmansa, ya ce yana da ɗinki.

Bai sake zuwa ba.

Sauran ma haka suka riƙa zamewa. Wannan ya koma ƙwallo, wancan ya ce karatu. Ba wanda ya yi faɗa da Datti. Gajiya kawai suka yi da zuwa a ci su, a kuma ɗora musu lacca a kai.

Datti ya ce dama ba masana ba ne. Ya koma buga tafiya shi kaɗai da Ja. Buri ɗaya ya rage masa, ya ga ƙarshen labarin. Ya sha gaya wa mutane cewa sarkin nan mai rufaffiyar fuska wan Ja ne da ya ɓata tun suna yara. Rabe kuwa ya dage mace ce. Sun kwashe watanni suna wannan musu, ba wanda ya taɓa kaiwa can ya gani.

Ana haka aka mayar da Sanda Abuja. Ya biyo gida ya gaida Hajiya, ya leƙa ɗakin Datti.

"Ranar Asabar bayan azahar za mu wuce. Ka haɗa mini kayan nan a kwali, yara sun fara tambaya."

Datti ya ce to. Me zai ce? Kayan mutum ne.

Shi gem ɗin nan ba ya ajiye inda ka tsaya. Ka kashe na'ura ko a ɗauke wuta, ka koma farko. Don haka ranar Asabar, yana dawowa daga sallar asuba, Datti ya zauna. Ko koko bai sha ba. Ya ratsa daji, ya ratsa kasuwar aljanu, ya wuce kogon da kullum yake mutuwa a ciki. Bayansa ya riƙe, idonsa ya yi ja. Da hantsi ya ɗaga, sai ga shi a inda bai taɓa zuwa ba.

Wata doguwar gada ce mai ramuka, ƙarƙashinta wuta. Ya tsallake ta da Ja. A ƙarshenta ga ƙofar fada, ga duwatsu biyu a gabanta, ɗaya ja, ɗaya shuɗi.

Ya taka jan. Rabin ƙofar ya haska.

Ya koma ya taka shuɗin. Ba abin da ya motsa, kuma hasken farko ya mutu.

Ya naushi ƙofar, ya yi mata tsalle, ya zagaya. Daga baya ya gane. Ƙofar ba ta buɗewa sai mutum biyu sun taka tare.

Ya mayar da Ja kan dutsensa, ya taɓa fad na biyu, sai Shuɗi ya faɗo a can farkon gadar, da 'yan rayukansa. In suka ƙare, ba ya dawowa sai an sake tafiyar daga tushe.

Datti ya tsayar da wasan. Ya juya fanka ya saita na'urar, saboda ta riga ta yi zafi kamar dutsen guga. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba.

"Turai! Zo ki zauna a nan. Kada ki taɓa komai. Kada kowa ya taɓa soket."

Turai ta tsaya a bakin ƙofa, ta dafa ƙirji. "Ni? Yaya Datti, an yi mini ƙarin girma ne? Na shiga 'yan kallo?"

"Don Allah ba yanzu ba."

Ya hau bas zuwa Kinkinau. Duk hanya idonsa na kan ƙwan fitilun shaguna, yana duba ko akwai wuta.

Ya tarar da Rabe a kan keken ɗinki, atamfa tuli a gefensa. Rabe ya ɗago, ƙafarsa ba ta daina taka keken ba.

"A'a, Farfesa da kansa? Lafiya dai Japan ɗin?"

Datti ya kwashe komai ya gaya masa. Gada, duwatsu, ƙofa, da Yaya Sanda da zai zo bayan azahar.

"Ka taso mu je, mutumina. Yau za a san ko wansa ne ko mace ce."

Rabe ya tsayar da keken. Ya nuna tulin atamfar.

"Ankon biki ne wannan, da la'asar za a zo karɓa. Na yi alkawari."

"Ba za mu daɗe ba."

"Datti, wallahi ba fushi nake yi ba. Da fushi ne da tuni ya huce. Gajiya na yi. In na je na faɗa ramin nan, me za ka ce?"

Datti ya buɗe baki, ya rufe.

Rabe ya ce, "Ka gani. Ni ma na san amsar." Ya mayar da ƙafarsa kan keken. "Ka gaida Hajiya."

Datti ya dawo Doka ana shirin kiran azahar. Wuta na nan, Turai na nan, ta harɗe hannuwa a baya don a shaida ba ta taɓa komai ba.

Ya tsaya yana kallon fad biyun nan. Ja ba ya buƙatar komai sai tsayuwa a kan dutse. Aikin duk na Shuɗi ne.

Ya ɗauki fad na ɗaya, wanda bai taɓa barin kowa ya riƙe ba, ya miƙa wa Turai.

"Riƙe kawai. In wuta ta taso ki danna ƙasa ya duƙa."

Shi kuma ya ɗauki na biyu. Ya ji shi daban a hannu. Duk fentin gefensa ya goge saboda gumin mutane.

Ya saki wasan. Shuɗi ya ruga, ya iso ramin farko. Datti ya danna tsalle.

Shuɗi ya zarce cikin wuta kamar wanda aka aika.

Datti ya ce, "Ban shirya ba ne."

Ya sake. Wannan karon ya danna da ƙarfi har robar ta yi ƙara. Shuɗi ya faɗa, yana cikin faɗuwa sannan ya yi tsallen.

Turai ta ciji leɓe. Kalmomin suna bakinta, muryar ma ta shirya, amma da ta ga fuskar yayanta sai ta haɗiye.

Ya goge hannu a wando. Ya hura botin, ya girgiza fad ɗin, ya yi bisimilla. Ya samu ya tsallake rami ɗaya, har Turai ta yi ihu. A na gaba botin ya shige ciki ya ƙi fitowa.

Rai na ƙarshe bai ko kai tsakiyar gadar ba.

Ja ya rage shi kaɗai a kan dutsensa, rabin ƙofa na haske. Sun zauna suna kallonsa, har suka ji hon ɗin motar Sanda a waje.

Datti da kansa ya kashe na'urar. Ya naɗe wayoyin, ya jera komai a kwali, ya kai but ɗin motar.

Sanda ya ce, "Komai lafiya dai? Ba abin da ya lalace?"

Datti ya ce, "Fad na biyu yana son gyara, Yaya. Kada ka ba wa ƙaramin yaronka shi a haka."

Bayan la'asar sai ga Rabe, da guntun zare a kafaɗarsa. Ya sallami masu anko ya hau bas, ko da zai tarar. Ya tsaya a ƙofa yana kallon teburin da babu komai a kai sai talabijin.

"Sun tafi?"

"Sun tafi."

Rabe ya zauna a gefen katifa, inda ya saba zama yana jiran layi. Ya ga babban yatsan Datti ya kumbura, fatar ta saluɓe. Ya kamo shi ya duba.

"A tsakiya ka danna. Ba a tsakiya ake danna shi ba. Can gefen hagu ne, da farce, kuma sai ka riga ramin da kaɗan."

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Na gaya maka, Datti. A ɗakin nan. Ba sau ɗaya ba."

Turai ta shigo da ruwa a kofi, ta ajiye, ta tsaya. Duka biyun suka juyo suna jira ta yi abin nata. Ta kalli yatsan, ta kalli yayanta.

Datti ya riga ta. Da muryarsa ta gaskiya, ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ba yatsunka ba ne, Rabe. Botin ne."

Rabe ya sha ruwan, ya ajiye kofin.

"Ni dai har yanzu na ce mace ce."

Datti ya jingina da bango, ya lumshe ido. "Wataƙila," in ji shi.

A Abuja yaran Sanda suka jiƙa kaset ɗin da shayi tun kafin su kai ko kogon. Datti da Rabe sun ci gaba da zumunci har suka yi furfura, amma ba wanda ya taɓa ganin abin da ke bayan ƙofar nan a cikinsu.

Darasi: Kafin ka raina ƙoƙarin wani, karɓi abin da ke hannunsa ka gwada. Sau da yawa ba ƙwarewarka ce ta ɗora ka a sama ba, kayan aikinka ne suka fi nasa. In kana son abu, so shi yadda mutane za su so shi tare da kai, don akwai ƙofar da ba za ta buɗe maka kai kaɗai ba, kuma ranar da za ka nemi na biyu, mai yiwuwa ka riga ka gajiyar da shi. Ku tura wa abokanku, musamman wancan da ba ya taɓa sakin fad na ɗaya.