Awa Tamanin a Ɗakin Gashi

Akwai wata budurwa da 'yan gidansu suke kira Walƙiya, kuma duk wanda ya zauna da ita yini ɗaya ya san sunan ya bi jiki. Kafin ka rufe baki da cewa a ba ka ruwa ta kawo, ta kuma tsaya a kanka tana jira ka shanye ta ɗauke kofin. In ta ga mutum yana fama da zura zare a allura, ba ta iya kallo, sai ta karɓe. Kirki kam tana da shi har ya yi yawa. Matsalar dai kirkin nata bai iya jira ba.

Ta yi digirinta na farko a kan yadda jikin ɗan Adam yake aiki. Burinta ta yi na biyu a fannin gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, wato aikin masu koya wa wanda ya karye, ko ɓarin jikinsa ya shanye, yadda zai sake taka ƙafa ya sake riƙe cokali.

Wanda yake ɗauke da karatunta yayanta ne, mai gyaran firji. Shagonsa ƙarami ne, sai wata tsohuwar motar ɗaukar kaya da yake zuwa gidajen mutane da ita. Ba mai kuɗi ba ne, amma bai taɓa cewa ya gaji ba.

Wata ranar hutu suka zauna a tsakar gida, ta buɗe masa makarantu uku a waya. Ta farko ce ta tafi da hankalinta. Gini na gilashi, ɗalibai cikin fararen riguna, kowa yana murmushi kamar ba a taɓa yi masa jarrabawa ba.

Yayan ya ce ta nuna masa kuɗin. Da ya gani, sai ya miƙa mata wayar a hankali, ya tambaye ta ko in mutum ya biya wannan ana haɗa masa da ginin ne ya tafi da shi gida.

Ta biyu kuma araha ce har abin ya ba da tsoro, karatun duka ta waya, wata goma sha biyu a ba ka takarda. Walƙiya har ta fara cike fom. Yayan ya dafa hannunta.

"Mai sayen firji yakan kalli farashi ya manta da wutar da zai riƙa sha," in ji shi. "Kira hukumar da take ba ku lasisin aiki tukuna, ki ji ko ta san da su."

Ta kira washegari tana ƙunƙuni. Matar da ta ɗauka ta ce ba su san wannan makaranta ba, kuma duk wanda ya fito daga can ba zai zauna jarrabawar lasisi ba. Ashe takardar ado ce, ta rataya a bango.

Saura ta uku, jami'ar gwamnati da take can ɗaya gefen gari, mota biyu daga gidansu. Fentinta ya koɗe, kujerun ɗakin karatun sun girmi Walƙiya. Amma hukuma ta san da ita, asibitin koyon aikin yana cikin harabarta, ga shi ba sai ta kama hayar ɗaki ba. Bayan haka suna ɗaukar ɗalibai huɗu duk shekara su riƙa taimaka wa malamai, a yafe musu rabin kuɗin makaranta. Da wannan rabin ne kaɗai aljihun yayan zai iya kaiwa.

Sharaɗin gurbin nan shi ne kada mutum ya wuce shekara uku da gama digirin farko. Walƙiya tana cikin ta ukun. In ta rasa bana, ta rasa ke nan.

Kun san ɗan Adam da son ƙyalƙyali. Maimakon ta kama ta uku nan take, sai ta shafe mako uku tana aika wa makarantar gilashi saƙo, ko za su rage mata. Suka amsa mata da ladabi, suka ƙara turo mata hotuna.

Sai da ta dawo kan ta gwamnati sannan ta karanta fom ɗin da kyau. Suna son awa tamanin na koyon aiki a gaban likitan gashi mai lasisi, kowace awa da sa hannunsa, sannan da wasiƙar shaida daga gare shi. Saura mako biyar a rufe karɓar takardu, kuma hannu da hannu ake kaiwa.

Ta samu wuri a wani ƙaramin asibiti kusa da su. Ɗakin gashin yana ƙasa, da gadaje uku, da dogayen ƙarafa biyu da ake dafawa a koyi tafiya, da keken motsa jiki mai ƙara, da babban madubi a bango. Mai ɗakin wata dattijuwar likita ce, ba ta da yawan magana, tabarau kullum a ƙarshen hanci.

Ranar farko Walƙiya ta yi aiki kamar ta mutum uku. Wani mai sanda ya zo zama, ta tallabe shi ta zaunar. Wata mata tana ƙoƙarin ɗaga ƙafa kan gado, ta ɗaga mata. Kowa yana ta sa mata albarka, ita kuma tana jin ta gama da fom.

Da yamma ta miƙa takardar da ake rubuta mata awanni, ta yi awa biyar. Likita ta rubuta biyu.

"Likita, biyar na yi."

"Biyar kika yi, biyu kika koya. Sauran ukun kin yi wa marasa lafiya aikinsu ne. Matar nan da kika ɗaga wa ƙafa, wata biyu muna neman ranar da za ta ɗaga da kanta. Yau ta kusa, kika ƙwace mata."

Walƙiya ta koma gida tana huci. Ta ce wa yayanta matar nan ba ta da tausayi, tana kallon mutum yana wahala ta rungume hannu. Shi kuwa ya yi ta dariya har da tari, ya ce a ƙarshe dai an samu mai sa wa Walƙiya birki.

Haka aka ci gaba. Duk awar da hannunta ya riga mara lafiya, Likita ba ta ƙirgawa. Ta koya mata tsayawa a ɓangaren da ya raunana, kusa yadda in mutum zai faɗi za ta tare, amma ba taɓawa. Ta koya mata ƙirga numfashi goma a zuci kafin ta ce uffan. Walƙiya ta ce a rayuwarta ba ta taɓa sanin goma tana da nisa haka ba.

Cikin masu zuwa akwai wani tsoho da kowa yake kira Baba Direba, don shekara talatin ya yi yana jan motar haya a garin. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye wata bakwai da suka wuce. Ƙafar ta dawo, hannun ne ya tsaya gardama. Aikinsa kullum shi ne ɓalla maɓallan rigarsa guda biyar, kuma bai taɓa wuce na uku ba.

Mutum ne mai barkwanci. Yakan kalli hannun ya ce da shi, "Kai fa ka yi shekara talatin kana canza giya, yau maɓalli ya gagare ka? Ka ji kunya." Sau biyu Walƙiya tana asarar awa a kansa, don in ta ga yatsun suna rawa zuciyarta ba ta ɗauka.

Ranar rufe karɓar takardu ta zo, awa saba'in da takwas gare ta. Biyu suka rage, ofishin jami'ar kuma ƙarfe huɗu yake rufewa. Ta lissafa tsaf. In ta gama ƙarfe biyu da rabi, motoci biyun za su kai ta da sauran lokaci.

Mara lafiya na ƙarshe Baba Direba ne. Ya ɓalla na farko, ya ɓalla na biyu, ya ɓalla na uku. Sannan, abin da bai taɓa faruwa ba, na huɗu ya shiga. Ƙarfe biyu da rabi ta yi daidai lokacin. Aka kira Likita sama, ta fita ta ce in ya gama a same ta.

Na biyar, na wuya, ya ƙi. Ya kama, ya suɓuce. Ya sake kamawa, ya sake suɓucewa. Gumi ya jiƙa masa goshi. Uku saura kwata ta wuce.

Tsohon ya san da maganar fom ɗin, don duk ɗakin an sani. Ya dubi agogon bango, ya dube ta.

"'Yata, ɓalla mini wannan ki tafi. Ba wanda zai sani, ni kuma ba zan faɗa ba."

Gaskiya hannunta har ya tashi. Daƙiƙa biyu ne aikin. Ta tuna rabin kuɗin, ta tuna yayanta. Sai kuma ta kalli yatsun nan da suke rawa a kan maɓalli, ta ga duk da maganar da ya yi bai sake shi ba. Ashe shi ma yana so.

Ta jawo kujera, ta zauna a kan tafukan hannunta biyu don kada su ci amanarta.

"Baba, huɗu naka ne. Ba zan karɓe maka na biyar ba. Sauke kafaɗa, ka ja numfashi, ka tura da babban yatsa."

Tsoro ya cika ta, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba. Tana ganin agogo ta cikin madubi, tana ƙirga goma, tana sake ƙirgawa. Ƙarfe uku da minti goma maɓallin ya faɗa raminsa.

Baba Direba ya kalli kansa a madubi, riga a rufe har wuya. Ya yi dariya, dariyar ta koma hawaye, ya share da hannun daman da kansa. Ya ce tun ranar da ya faɗi, matarsa ce take sa masa riga kamar jariri, yau zai koma gida ya ba ta hutu.

Likita ta dawo ta tarar da su haka. Ta dubi rigar, ta dubi Walƙiya da take zaune a kan hannuwanta har sun yi tsami. Ta cike awa biyu, ta sa hannu, ta zauna ta rubuta wasiƙar, ta liƙe ambulan.

Uku da minti ashirin da biyar. Motar haya ba za ta kai ta ba. Walƙiya ta kira yayanta, ya ce yana layin bayan asibitin da firjin wani a mota, ga shi nan.

Nan Baba Direba ya karɓi wayar. Ya ce wa yayan kada ya kuskura ya bi babban titi, yanzu ake tashi daga makarantu. Ya bi ta bayan gidan mai, ya tsallaka ƙaramar gada, ya shiga layin masu katako, zai ɓullo ta ƙofar baya ta jami'ar wadda ba kowa ya san da ita ba. Ya ƙara da cewa a kula da ramin da yake bayan gadar, ya girmi yayan.

Haka suka tafi, firji yana rawa a baya, Walƙiya rungume da ambulan. Ramin yana nan inda aka ce. Huɗu saura minti shida ta ajiye takardunta a gaban ma'aikacin ofishin, wanda har ya fara neman makullinsa.

Bayan wata guda aka kira ta ganawa. Shugaban sashen ya ce mutum arba'in da ɗaya suka nemi gurabe huɗun nan, kuma kusan duk wasiƙunsu cewa suke mai ita haziƙa ce, mai ƙwazo ce. Tata ce kaɗai ta zo da labari. Likita ta rubuta cewa yarinyar ta zo da hannu mai sauri, ta yi asarar awa goma sha tara saboda shi, sannan a ranar da sauri zai fi yi mata amfani ta zauna minti arba'in tana jiran maɓalli ɗaya. Ya ce ilimin littafi za su koya mata, wannan kuwa ba su da ajin da ake koyar da shi.

Ta samu gurbin, da rabin kuɗin.

Ta tafi shagon yayanta kai tsaye, ta same shi a durƙushe bayan wani firji. Ya karanta takardar samun gurbin sau biyu, ya goge hannu, ya ɗauki waya ya kira wani. Ta ji yana cewa a bar maganar nan, ya fasa.

Ta tambaye shi wace magana.

Ya sosa ƙeya. Ya ce dillalin motoci ne. Tun ranar da ta fara asarar awa ya je aka yi wa motarsa kuɗi, don in rabin bai samu ba ya sayar ya biya mata duka.

"To da me za ka riƙa aiki, Yaya?"

"Da na koyi ɗaukar firji a ka."

Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta. Ta zauna a kan akwatin kayan aikinsa ta yi mai isarta, shi kuma ya tsaya kusa da ita bai ce ta yi shiru ba.

Darasi: In za ka zaɓi makaranta, kada kyan gini ya ruɗe ka, kada araha ta ja ka. Tambayi hukumar lasisi, ka lissafa haya da kuɗin mota, ka karanta sharuɗɗan fom tun da wuri. Sannan ka sani ba kowane taimako ne a yi wa mutum abu ba. Wani lokaci mafi girman alheri shi ne ka tsaya kusa da shi, ka riƙe hannunka, har ya yi da kansa. In kana da ƙani ko ƙanwa mai shirin cike fom, ko ka san wani mai halin Walƙiya a gidanku, tura masa wannan ya karanta.